Taɓaryar Sojan Amurka

Tun ranar da na dawo bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta gama zama sai ta jefo tambaya: "Inna Rabi, yaya Amurka? Ba an ce kin tafi ke nan ba? Me ya koro ki?" Na ba da labarin har muryata ta dushe. Shi ne maƙwabciyata Malama Hadiza, mai koya wa matan aure karatu, ta ce in zauna in faɗa sau ɗaya ita ta rubuta, duk mai so a karanta mata. Ni ban iya riƙon alƙalami ba. In kun ji magana ta yanke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, don har yau ban iya ambaton maigidana Malam da busasshen ido.

Kun san Malam ya rasu gero na fid da kai, bai ga girbinsa ba, Allah ya jiƙansa. Autana yana can Amurka, bai samu jana'iza ba, ta waya aka gaya masa. Ina fita takaba ya aiko a kai ni, wai in zo in huta. Ni na ɗauka hutu ne irin na mutane, a ga juna a dawo. Kafin in tashi na je na sallami Sule ƙanen Malam, na ce a bar mini gonar bakin rafi, zan dawo in sa a share ta. Ya ce, "To, matar Yaya. Amma in ruwa ya matso ba ki dawo ba, aro zan ba da ita, ba a barin gona ta koma daji." Ku kuwa kun san gonar da ta shiga hannun aro yadda take wuyar fita. Tun da aka kawo ni gidan Malam gonar nan ba ta taɓa ganin damina a hannun wani ba.

Hanyar Kano ba sai na ba ku labarinta ba, kun fi ni sanin ramukanta. A filin jirgi aka rataya mini wata takarda a wuya kamar ragon da za a kai kasuwa, wai don duk inda na sauka a san inda za a miƙa ni. Jirgi ya ɗaga sama. Na dinga salati har Baturen da ke gefena ya matsa. Can wata yarinya ta kawo mini faranti, ga ganye ɗanye a gefe, ko nuna masa wuta ba a yi ba. Na ce, "'Yar nan, akuyar na baro ta gida." Na kwance ƙuli-ƙulina. Na miƙa wa Baturen nan guda, don ba a ci a gaban mutum a hana shi. Ya gartsa, ya dafe muƙamuƙi, bai sake dubana ba. Bayin jirgi kuwa, na taɓa wani abu a bango, ya yi wata irin ƙara kamar zai zuƙe ni ya tofar a sararin Allah. Daga nan ban sake kurɓar ruwa ba har muka sauka.

A wata ƙasar Turawa muka sake jirgi. Suka ɗora ni a keken guragu suna turawa, ni da har bara nake zuwa rafi da tulu. Da muka isa New York, kare ne ya fara tarbata. Ya zo ya kafa hanci a jakata, ya yi atishawa, ya zauna. Wani ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawata, ya shinshina, ya ja da baya yana goge ido. Kilishin da na yo wa Auta suka ɗauke, daddawar suka mayar mini da sauri, da alama ba mai son ta kwana a ofishinsu. Mai buga hatimi ya yi mini tambaya da Turanci. Ban san me ya ce ba, amma na ga fuskarsa ta mai hankali ce, sai na ɗauka dalilin zuwana yake tambaya. Na faro masa daga ranar da Malam ya fara tari. Kafin in kai ga asibiti hawaye ya wanke mini fuska, layi ya yi tsawo a bayana. Bawan Allahn nan ya miƙo mini takardar goge ido, ya buga hatimi, ya nuna mini ƙofa da hannu biyu.

Auta da matarsa Abu suna zaune a wata unguwa da ake ce wa Park Hill, a tsibiri, in za a shiga tsakiyar birni sai a hau bas a shiga jirgin ruwa. Gidan kuwa gari guda ne aka jera a tsaye, ɗaki bisa ɗaki, sai an shiga lifta ta ɗaga mutum. Sanyi ba irin namu ba ne da ake hura wuta a kore shi, wannan har cikin haƙori yake shiga. Karnukansu da riguna. Mutum ya haɗu da kai a ƙofa, hancinku ya kusa gogar juna, ba zai tambaye ka kwanan iyali ba. Abu ma'aikaciyar asibiti ce, yarinyar kirki, ta yi iyakar ƙoƙarinta da tuwon wani farin gari, amma tuwo ne da ba ya riƙe ciki, kafin la'asar ka manta ka ci. Kazarsu kuwa ƙatuwa, nama luɓus, ka san ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta.

Wadda ta ɗebe mini kewa ita ce Mma Hawa, 'yar zangon Kumasi da ke zaune a ɗakin da ke ƙasan namu. Hausarta kamar wadda aka wanke da ruwan wani gari, amma Hausa ce. Kullum sai ta hawo da goro ta ce, "Tsohuwa, kana kuka kuma? Sha ti, mijin ya tafi, ti yana nan."

To, ranar wata Alhamis da yamma ni kaɗai a gida. Tun ina amarya duk daren Juma'a sai na turara ɗakin Malam, kuma da turaren nan na taho. Na samu ɗan gawayi da Abu ke gasa nama da shi, na hura a kan murhun gas, na zuba a murfin tukunya, na barbaɗa turare. Ƙamshi ya tashi, na zauna ina tuna mutumina. Sai wani ɗan faifai da ke manne a rufin ɗaki ya tsala ihu. Na ce masa kul. Ya ƙi. Na jefe shi da takalmi. Sai na ji 'yan'uwansa a duk gidan sun amsa. Kafin in sami mayafina ga 'yan kwana-kwana sun cika ƙofa, ƙarti da gatura da hulunan kwano, sun zo yaƙi da garwashin da bai kai a dafa ƙwai ba. Aka sauko da mutanen gidan kaf cikin ƙanƙara, wasu da kumfa a ka. Mma Hawa ta dube ni ta ce, "Tsohuwa, ko a Kumasi ba wanda ya taɓa tara jama'a haka sai sarki."

Mai kula da gidan ya ja wa Auta kunne. Da muka zauna na ce, "Auta, garin nan ba ya son hayaƙina, ni ma ba na son sanyinsa. Lokacin sharar gona ya matso. Yaushe zan koma?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki koma wa wa?"

Na ce, "Gonar ubanka."

Ya ce, "Gona ba ta kai mutum asibiti. Nan za ki zauna, na riga na fara nema miki izinin zama."

Ɗan da ya girma ba a yi masa faɗa a gaban matarsa. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Yanzu sai ku ji irin aikin da Auta ke yi, don ni ma sai a lokacin na sani. Mun san karatun gandun daji ya je yi, ni na ɗauka itatuwa yake dasawa. Ashe ƙona su ake biyansa. Can kudu da birnin akwai wani makeken daji na wani ice mai ganye siri-siri kamar tsinken tsintsiya, ga ƙamshi, ga ƙaro mai kama wuta kamar kananzir. A tsakiyar dajin akwai filin da sojoji ke koyon harbi, jiragensu na jefa abubuwa. In tartsatsi ya faɗa cikin busasshen ganyen nan da ya taru, sai gobara ta tashi ta nufi gidajen mutane. Shi ne kafin zafi ya shigo su Auta ke share hanya mai faɗi da katafila, su cinna 'yar wuta da gangan ta lashe ganyen ƙasa, in babbar ta zo ta tarar ba abinci.

Na ce, "Ikon Allah! A birni garwashi ɗaya a taso da gatura, a daji kuma a ba ka albashi ka sa wa duniya wuta."

Da ranar ƙunar ta zo, Abu tana asibiti, Mma Hawa ta tafi suna, Auta kuma ya ƙi yarda ya bar ni da murhu. Ya ce in shirya mu tafi tare. A mota yake ta lallashina: "Inna, za ki ga nan ma akwai daji, akwai ƙasa. In kin zauna sai in nema miki ɗan fili ki shuka yakuwarki." Muka ƙetare wata gada, muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, itatuwan nan suka rufe hanya hagu da dama. Ƙasar wurin yashi ce fara. Na ce a raina gyaɗa ma sai ta yi shawara kafin ta fito a nan.

Muka tarar da abokan aikinsa sun taru, kowa da riga ruwan ɗorawa. Shugabarsu mace ce, doguwa, da wando, da rediyon oba-oba a kafaɗa, suna ce mata Madam. Ta jinjina hannuna kamar mai tatsar saniya. Auta ya ajiye motar a wani fili, ya ba ni filas ɗin shayi da bargo, ya ce, "Inna, don girman Allah kada ki fito. Ki kalla ta gilashi."

Na ce to, kuma har ga Allah da niyyar zama na faɗa.

Ina kallo suka jeru a bakin hanyar da aka share, kowa da wata buta ta ƙarfe mai ɗigar wuta. Suna tafiya buta na ɗiga, wuta na bin sawunsu. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, wuta tana tafe a hankali kamar an sa mata linzami. Amma abu guda ya dame ni. Na duba gaban wutar, inda hayaƙi ke nufa, ba kowa. Ko mutum ɗaya da sanda babu. Ku kun san yadda ake yi a nan. Ranar da za a ƙona saura ko bakin daji, masu wuta suna baya, sauran jama'a suna gaba da kulake, duk zomo da gafiya da kuregen da wuta ta koro a bakinsu zai faɗa. Malam ne ke sa wutar bakin gonarmu, ni in na kai masa fura sai in tsaya gaba da sandata, ba mu taɓa komawa gida tukunya ba nama ba. Yanzu ga daji da girmansa ana ƙonawa, naman Allah na gudu a banza, ga ɗana da matarsa suna cin kazar da ba ta da ƙashi.

Sai ƙamshin hayaƙin ya shigo motar. Tun da na zo ƙasar nan ban shaƙi abin da ya yi kama da gida ba sai shi. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba.

Na zaga ta bayan motoci na bi hanyar yashin nan, na yanki daji don in sha gaban wutar. Na wuce wani allo mai jan rubutu, har da zanen ƙoƙon kan mutum. Na ce wannan maƙabartarsu ce, na yi musu addu'ar da ta sawwaƙa, na tsallake wata waya da ta kwanta, na ci gaba. Na karyi sanda, ta karye a hannuna. Na karyi wata, ita ma haka, icen nan ba shi da zuciya. Ina dube-dube sai na hangi wani ƙarfe ya leƙo daga cikin yashi. Na tono shi. Tsayinsa kamar kamu guda, kai a mulmule, gindi da 'yan fukafukai, sak ƙaramar taɓarya. Ya zauna mini a hannu daidai. Na ce alhamdulillahi, na gyara ɗaurin zane, na tsaya.

Barewa ce ta fara fitowa, ta tsallake ni kamar ba a yi ni ba. Sai ga wani baƙi mai farin zane a baya, yana tafe yana rangaji. Na gane shi, bodari ne mai tusar warin nan, ko a Amurka bai sake hali ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wuce," na ba shi hanya. Zomo biyu suka gifta, na kai duka na sami ƙasa. Daga ƙarshe abin da ya iso gare ni da saurin da zan iya kamawa kunkuru ne, ɗan mitsitsi. Na ɗauke shi na rungume, don ko ba a ci ba ba na bar shi wuta ta cim masa ba.

Ina nan tsaye na ji jiniya, na ji jirgi mai saukar ungulu a kaina. Sai ga motar soja ta keto daji. Wani soja ya diro, baƙi ne kamar mu, kamarsa ɗaya da Lawal ɗan gidan Sarkin Fawa. Na ji daɗi, na ɗaga masa taɓaryata na ce, "Sannu da aiki, ɗan nan!" Yana ganin abin da ke hannuna ya yi wani ihu ya zube rub da ciki. Na bayansa ma suka zube. Na waiga in ga abin da ya tsorata su, ban ga komai ba. Na matsa in tashe shi, sai ya fara ja da baya da ciki kamar damo.

Can na ji muryar Auta ta cika daji, ashe lasifika suka ba shi. "Inna! Kada ki motsa! Ajiye shi a ƙasa a hankali!"

Na ɗaga murya na ce, "Wanne? Kunkurun ko taɓaryar?"

"Ƙarfen, Inna! Bam ne!"

Na ce, "Kai, tafi can. Na buga shi a ƙasa har sau biyu bai ce komai ba."

Da ya fassara musu, na ga Madam ta dafe kai ta zauna a yashi.

Na ajiye musu abinsu. Sojan nan ya zo ya sunkuce ni kamar buhun dusa, ni da kunkuruna, ya sa a mota. Daga baya masu sanin abin suka duba suka ce na gwaji ne, ba albarushi a ciki, amma sun ce a filin akwai waɗanda ke da shi, kuma kamarsu ɗaya. Ashe tun da aka ga motar ba kowa aka tsayar da aiki, aka kashe wutar da aka sha wahalar kunnawa, kowa ya bazu nemana.

Na ga Madam ta ja Auta gefe tana magana, shi kansa a ƙasa. Na ce shi ke nan, na ci aikin ɗana. Na je na durƙusa gabanta na kama ƙafar wandonta, na ce laifina ne, yaro ya hana ni fita, maraya ne, ubansa bai daɗe da rasuwa ba. Kuka ya ƙwace mini. Matar nan ta rasa yadda za ta yi, sai ita ma ta durƙusa, muka zama mu biyu a ƙasa kamar masu tsintar gyaɗa. Ta tambayi Auta me ya kai ni can. Da ya gaya mata nama na je tare musu, ta yi dariya har da hawaye. Gargaɗi ta yi masa, ba ta kore shi ba, Allah ya saka mata. Kunkurun kuwa suka ce dokar ƙasar ta hana a tafi da shi, sojan ya kai shi inda wuta ba za ta je ba. Ko shi ma ban tsira da shi ba.

A hanyar dawowa Auta ya ja mota har muka fita dajin. Sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. 

Ya ce, "Inna, da na buɗe motar nan na tarar ba kya ciki, na ji abin da na ji ranar da aka bugo mini waya a kan Baba. Shi ya sa na ce ki zauna. Ba na son in sake jin labari daga nesa."

Na ce, "Yau ai kusa kake, da lasifika ma a hannunka. Ka hana?"

Ya cire hularsa.

Na ce, "Auta, ajali ba ya tambayar unguwa. A ɗakin nan naku ina zaune kamar kayan da aka ba ka ajiya. Yau da na tsaya gaban wutar nan, ko da zomo ya fi ni gudu, na ji ni ce Rabi matar Malam. Can akwai inda aka san amfanina."

Ya goge fuska da hularsa ya ce, "Baba yana barinki ki tsaya gaban wuta haka?"

Na ce, "Kullum sai ya yi faɗa. Kullum kuma shi ke cinye cinyar zomon."

Dariya ta kufce masa, ta juye ta zama kuka, ni ma na taya shi. Motoci na ta wucewa, mu muna gefen titin Amurka muna yi wa Malam makokin da ba mu samu mun yi tare ba. Da ya natsu ya tada mota. Mun yi nisa, har an fara hango fitilun gada, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To wa zai yi miki sharar gonar? Ba dai ke da kanki ba."

Na ce, "'Ya'yan Sule suna nan, in an dama musu fura."

Ya ce, "Ki ce su share gefe da faɗi kafin su sa wuta. Kuma ki tsaya a baya."

Na ce to.

Na iso gida hadari bai fara haɗuwa ba. Sule ya riga ya yi wa wani alkawarin gonar da baki, da ya gan ni a ƙofar zaure sai da ya murza ido, ya je ya warware. Mun share, mun ƙona, mun yi shuka da ruwan fari. Wadda ta bi ta bakin rafi ta ga yadda geron ya yi. A baya na tsaya kamar yadda na yi wa Auta alkawari, sai dai ban ce masa ba zan riƙe sanda ba.

Wannan shi ne abin da ya dawo da ni. Wadda aka karanta mata, ta sa Malam a addu'a. Malama, rufe alƙalaminki haka nan, idona ya cika.